Kukan Jariri Da Dare: Ba Kullum Ne Ciwo Ba

A taron ƙungiya na watan jiya wani manomi ya yi ta gyangyaɗi. Da muka tambaye shi, sai ya ce ɗansa mai mako biyar ba ya barin kowa ya runtsa. Da magariba ta yi sai ya soma tsala kuka, ya naɗe ƙafafu zuwa ciki, ya dunƙule hannu. Kakar yaron ta ce ciwon cibiya ne, maƙwabta suka ce nonon uwar ne ba shi da kyau. Ya ce mini, "Malam, gobe wanzami zan kira." Na roƙe shi ya dakata.

Wannan kuka sananne ne a ko'ina a duniya. A 1954 wani likitan yara na Amurka, Morris Wessel, ya ba shi ma'auni: jaririn da ke kuka fiye da awa 3 a rana, kwana 3 a mako, har mako 3, alhali yana shan nono kuma yana girma. Yakan fara wajen mako na biyu, ya tsananta a mako na shida, ya wuce da kansa a wata na uku ko na huɗu.

Ba abu ɗaya ke kawo shi ba. Hanjin jariri sabo ne, bai saba da aiki ba tukuna. Kuma idan bai kama nono da kyau ba, yakan haɗiyi iska tare da nonon. Iskar ta taru ta matse shi, ya yi kuka, garin kukan ya ƙara haɗiyar wata. Saboda haka a duba kamun: bakinsa ya buɗe sosai, ya ɗauki baƙin da ke kewaye da kan nonon, ba tsinin kaɗai ba. A bar shi ya gama ɓangare ɗaya kafin a juya shi. In ya ƙoshi a ɗora shi a kafaɗa, a shafa bayansa har ya yi gyatsa. Goyo ma yana taimako ƙwarai, kuma uba ma yana da kafaɗa.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba kukan ba ne, abin da muke ɗura wa yaro ne don ya yi shiru. Dauri, ruwan kanwa, ruwan rijiya, duk suna iya kawo zawo, zawo kuwa yana kashe jarirai. Nono kaɗai ya ishe shi har wata 6, ko a zafin bazara, gama yawancin nono ruwa ne. Kada a ba shi zuma kafin ya cika shekara ɗaya. Tsaga a ciki da cire beli ba sa fid da iska, sai dai zubar jini da tetanus. Maganin kwalba na kanti ma a yi hattara: a 2008 da 2009 wani maganin haƙori mai suna My Pikin ya kashe yara fiye da 80 a Nijeriya. Kuma kome ɓacin rai, kada a girgiza jariri da ƙarfi, yana iya lalata ƙwaƙwalwarsa. Uwa in ta gaji ta miƙa wa wani.

Amma akwai kukan da ba a jira da shi. Idan jikinsa ya yi zafi, ko ya ƙi nono, ko ya yi koren amai, ko an ga jini a kashinsa, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko maɗiga ta faɗa, ko cibiya tana ruwa da wari, a kai shi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Ƙungiyar da ke da asusu ta ware kuɗin mota domin irin wannan dare.