WAYAR SALULA: WA KE SAURARON HIRARKA DA GIDA?

LAFIYA — Kafin shekarar 2001, mutumin Arewa da ya tafi neman abinci Ikko ko Badun ko Fatakwal, in yana son jin lafiyar iyalinsa sai ya rubuta wasiƙa ya ba direban babbar mota, ko kuma ya je ya bi layi a ofishin NITEL. Yau kuwa mai sayar da albasa a kasuwar Mil 12 da mai canji a Agege, kowa da wayarsa a aljihu, yana idar da sallar lisha sai ya kira gida. To, amma wannan sauƙi ya zo da wata tambaya da ake yawan yi a wuraren hira: in mutum yana magana da mahaifinsa ko maiɗakinsa, su biyu ne kaɗai a kan layi, ko kuwa akwai na uku?

Amsar ta danganta ga irin kiran da aka yi, da kuma hannun da wayar ta faɗa.

ABIN DA YA FARU A BUKAN SIDI

A unguwar Bukan Sidi da ke kan hanyar Jos a garin Lafiya, hedkwatar Jihar Nasarawa, ba a ɗaukar zancen tsaro da wasa. A daren Asabar, 21 ga Nuwamba, 2020, 'yan bindiga suka dira gidan shugaban jam'iyyar APC na jihar, Mista Philip Tatari Shekwo, a cikin wannan unguwa, suka yi awon gaba da shi. Washegari aka tsinci gawarsa ba nisa da gidan. Wannan kuwa ya auku ne wata tara kacal bayan Gwamna Abdullahi Sule ya sa hannu a dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga masu satar mutane. A Janairun 2023 kuma aka sace 'yan makarantar firamare shida a ƙauyen Alwaza, cikin ƙaramar hukumar Doma, maƙwabciyar Lafiya.

Mai satar mutane ba shi da abin aiki, bayan bindiga, kamar waya, domin da ita yake cinikin kuɗin fansa. Sau da yawa kuma ɗan da ke Kurmi shi ake fara kira a ce ya haɗo kuɗi. Saboda haka iyalin da wannan masifa ta faɗa wa, roƙonsu na farko ga hukuma shi ne a bi sawun lambar da ta kira su.

YADDA AKE BIN SAWUN WAYA

Muddin waya tana kunne, kullum tana gaisawa da ƙarfen sabis mafi kusa da ita. Duk kiran da aka yi, kamfanin layi yana rubuta lambar da ta kira, da wadda aka kira, da lokaci, da tsawon maganar, da ƙarfen da ya ɗauki kiran. Ban da wannan, kowace waya tana da lambarta ta ƙira mai alƙaluma 15, wadda ake kira IMEI. Ko mutum ya jefar da layi ya sa sabo, wannan lamba ba ta sakewa. Mai son ganin tasa sai ya danna *#06#.

Sashe na 38 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 ya wajabta wa kamfanoni su adana irin waɗannan bayanai har shekara biyu, su kuma miƙa wa hukuma in ta nema bisa ƙa'ida. An fara rajistar layuka a 2011. A Disamban 2020, zamanin Minista Isa Ali Pantami, Gwamnatin Tarayya ta ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, kuma a Afrilun 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 72 yin kira saboda rashin bin wannan umarni. Ke nan yanzu kowane layi yana ɗauke da sunan wani da hotonsa.

Mazauna Ikko ba za su manta da ƙasurgumin mai satar mutanen nan da ake kira Evans ba, wanda rundunar Abba Kyari ta kama a unguwar Magodo a Yunin 2017, bayan an daɗe ana bin diddigin wayoyi. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

ABIN DA DOKA TA CE

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa kariyar sirrin gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta wayar tarho. Amma sashe na 45 ya bar ƙofa a buɗe don tsaron ƙasa da zaman lafiyar jama'a. Ta wannan ƙofa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fito da ƙa'idojin sauraron waya a 2019.

Bisa ga ƙa'idojin, sai hukumar tsaro ta sami waranti daga alƙalin Babbar Kotun Tarayya kafin ta saurari wayar mutum, kuma warantin ba ya wuce wata uku, sai dai a sabunta. In rai yana cikin haɗari, ana iya fara saurare ba waranti, amma tilas a je gaban alƙali cikin awa 48. Kiran waya na yau da kullum, wanda ake sa kati a yi, ta cikin na'urorin kamfani yake bi, don haka da zarar takarda ta fito, babu abin da zai hana a ji shi. Haka ma gajeren saƙo na tes.

KULLEN WHATSAPP

Kiran WhatsApp daban yake. Tun Afrilun 2016 kamfanin ya sa wa dukan kira da saƙonni wani irin kulle. Wayar mai kira tana juya magana ta koma kamar zaurance, ta bi hanya a haka, sai wayar wanda aka kira ta warware ta. Makullin yana cikin wayoyin biyu ne kaɗai. Kamfanin layi ba ya da shi, shi kansa WhatsApp ba ya da shi. Ƙa'idojin 2019 sun ce kamfani ya miƙa makulli in an nema, amma ba a ba da abin da babu.

Wannan bai hana gwamnati nema ba. A ƙaramin kasafin kuɗi na Yulin 2021, an ware wa Hukumar Leƙen Asiri ta Ƙasa, NIA, kimanin Naira miliyan dubu 4 da miliyan 870. Daga ciki, Naira miliyan dubu 1 da miliyan 930 na kayan tare saƙonnin WhatsApp ne, saura kuma na wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya, wadda ke aiki ko a dajin da babu sabis.

Sai dai masu leƙen asiri ba safai suke tunkarar kullen kansa ba, kewayawa suke yi su shiga ta taga. A 2019 WhatsApp ya kai kamfanin NSO na Isra'ila ƙara a Amurka, bisa zargin cusa manhajar Pegasus cikin wayoyi kimanin 1,400. Irin wannan manhaja tana zama a cikin waya ne ta ɗauki magana bayan an warware ta. Hanya mafi sauƙi kuwa ita ce a kama wayar a hannu. Da aka kama Ramon Abbas, wato Hushpuppi, a Dubai a Yunin 2020, daga cikin wayarsa hukumar FBI ta zaro saƙonnin da ta ce sun gudana tsakaninsa da Abba Kyari, aka bayyana su a Yulin 2021. Kyari dai ya musanta aikata laifi. Abin lura shi ne, kulle yana tsare magana a hanya, amma ba ya tsare ta daga wanda ya buɗe wayar. Ba ya kuma ɓoye wa aka kira, ko yaushe.

INDA AKE WUCE GONA DA IRI

Kayan da ake kama ɓarawo da su, da su ake iya farautar mai gaskiya. A 2013 jaridar Premium Times ta fallasa kwangilar Dala miliyan 40 da gwamnatin Jonathan ta ba kamfanin Elbit na Isra'ila don sa ido kan harkokin 'yan ƙasa a intanet. Ran 6 ga Janairu, 2019, sojoji suka mamaye ofisoshin jaridar Daily Trust a Abuja da Maiduguri, suka kwashe kwamfutoci da wayoyi. A Fabrairun 2020 ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta ba da rahoton yadda 'yan sanda ke duba jerin kiran ɗan jarida, su tsare wani na kusa da shi, su sa ya kira shi ya fito. A Disamban wannan shekara kuma masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto ta Kanada suka sa Nijeriya cikin ƙasashe 25 da aka gano kayan kamfanin Circles, masu iya sauraron kira da gano inda waya take.

Talaka kuwa, nasa leƙen asirin a bakin titi yake haɗuwa da shi, inda za a tsayar da shi a ce ya buɗe waya. Wannan na cikin abubuwan da suka haddasa zanga-zangar EndSARS. Ran 4 ga Oktoba, 2020, Sufeto-Janar na 'yan sanda na lokacin, Muhammad Adamu, wanda shi ma ɗan asalin garin Lafiya ne, ya haramta wa jami'ansa binciken wayoyin mutane barkatai a kan hanya. Ya kamata matafiyi tsakanin Ikko da Lafiya ya san da wannan, ya kuma faɗe shi cikin ladabi, ba da tsiwa ba.

JAN KUNNE GA MAZAUNA KURMI

Sau da yawa ba sauraron waya ke jefa baƙo cikin wahala ba, sakaci da layi ne. Na'ura lamba take bi, ba ta san mai hali ba. Wanda ya yi wa wani rajistar layi da NIN ɗinsa don zumunci, in aka nemi kuɗin fansa da layin, ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa. Haka wanda ya ara wa baƙo waya a tasha ya yi kira ɗaya. Haka kuma wanda ya sayi tsohuwar waya da araha a bakin kasuwar Ikeja ba rasit, alhali ta sata ce, ko ta wani da aka kashe. Mai sayen irin wannan waya ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar IMEI da sunan shago, ya adana. Wanda wayarsa ta ɓace kuma ya hanzarta rufe layin, ya sanar da 'yan sanda a rubuce. A sa wa waya lambar sirri, kada kuma a karanta wa kowa lambobi shida da WhatsApp ke aikowa, domin da su ake ƙwace akawun mutum a riƙa roƙon danginsa kuɗi da sunansa.

Mutanen Bukan Sidi da 'ya'yansu da ke Kurmi suna da bukata biyu, kuma duka halal ne: a kama masu satar mutane, a kuma bar wa mai gaskiya sirrinsa. Abin da ke tsakanin biyun shi ne takardar alƙali. Ya rage ga 'yan majalisar tarayya, har da masu wakiltar Nasarawa, su riƙa tambayar waranti nawa aka bayar a shekara, da mutum nawa aka kuɓutar da kayan da aka kashe wa dukiyar jama'a. Kafin nan, kowa ya riƙe layinsa kamar yadda yake riƙe makullin ɗakinsa. Allah ya kiyaye tsautsayi, amin.