Ƙarfen Dangoma Da Allura Mai Shafe Da Lantarki

Duk mai tallar agogo ko sarƙa a Idumota ta Ikko, ko a Sabo ta Badun, ya san rigimar da ake sha idan ruwan gwal ya koɗe, mai saye ya dawo da kaya. Sau da yawa a ƙarƙashin ruwan gwal ɗin akwai shafen wani farin ƙarfe wai shi nikel. To, irinsa ne aka ba da sanarwar samu cikin 2016 a Dangoma, kusa da Kafanchan, inda wani kamfani na mutanen Ostareliya ya ce ya tarar da shi ƙwaya-ƙwaya cikin ƙasa kamar gero.

Yadda ake shafen kuwa, tsoma agogon ake yi cikin ruwan magani mai narkakken ƙarfe, a sakar masa lantarki, sai ƙarfen ya bi ya lafe a jikinsa. Wannan tsohuwar sana'a ce. Abin da ya daɗe yana gagarar masana shi ne ganin yadda ƙarfen ke kwanciya, domin aikin ya fi ƙarfin madubin likita.

Cikin 1981 wasu Turawa biyu, Binnig da Rohrer, suka ƙera wata na'ura a kamfanin IBM a Zurik. Allura ce mai tsinin gaske, tana bin fuskar ƙarfe tana lalube kamar makaho da sanda, har ta zana hoton ƙwayoyin zarra ɗaya-ɗaya. Aka ba su kyautar Nobel a 1986.

Daga nan sai aka tsoma allurar cikin ruwan maganin. A 1997, a Jami'ar Ulm ta Jamus, Farfesa Kolb da mutanensa suka sa lantarki ya tara jan ƙarfe a bakin allura, sa'an nan suka riƙa dangwala shi a kan gwal, tsibi-tsibi, a daidai inda suke so. Tsayin kowane tsibi bai kai nanomita ɗaya ba, watau milimita a raba ta gida miliyan. Shafe ke nan da awo, ba a yi wa kaya wanka gaba ɗaya ba.

Abin da ya fi shafar ɗan kasuwa shi ne, tsatsa ma aikin lantarki ce, kuma daga 'yan ramukan da ido ba ya gani take somawa, gumi ya shiga ya ci ƙarfen ƙasa. Wata irin allurar da Farfesa Bard ya fito da ita a Amurka cikin 1989 tana nuna wuraren nan tun shafen bai ɓamɓare ba.