SOYAYYA MA KOYONTA AKE YI: Me Ke Kashe Bakin Saurayi Bayan Ɗaurin Aure?

Duk wanda ya ratsa unguwannin Kano, ko Zariya, ko Katsina bayan sallar isha'i, ba zai rasa ganin samari a tsaye a ƙofar gidaje ba, ko kuwa a zaune bisa tabarma a zaure, kowa da budurwarsa. Ga riga ta sha guga, ga hula an kafa, ga turare yana tashi. Saurayi yakan shafe sa'a biyu yana zuba daɗin baki, sauro na cizonsa bai ma sani ba, in ya tashi tafiya kuma ya ajiye 'yan kuɗin toshi a gefen tabarma.

To, a leƙa gidan wannan saurayi shekara guda bayan an ɗaura aure. Da wuya a gane shi. Zai shigo da almuru ya ce, "Ke, ina abincina?" Ya ci, ya wanke hannu, ya ɗauki hularsa ya nufi majalisar abokai ko teburin mai shayi, ba a sake jin ɗuriyarsa sai tsakar dare. Ita kuwa wadda a da ake yi wa kirari, an bar ta da gadin ƙofa.

Wannan al'amari ba na dariya ba ne, domin yana cikin abubuwan da ke cinye aure sannu a hankali kamar yadda gara take cin azara. Mutuwar aure ta yi yawa a Arewa, har ta kai a watan Janairun 2009 wata ƙungiyar zawarawa ta shirya yin jerin gwano a Kano don nuna kukanta, Hukumar Hisba ta hana. A shekarar 2012 gwamnatin Jihar Kano, zamanin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso, ta fara aurar da zawarawa da kuɗinta, aka soma da mata 100. A watan Oktoban 2023 kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta aurar da mata 1,800 a lokaci guda. An ba da sadaki, an sayi gado da katifa. Amma akwai abin da gwamnati ba ta iya sayowa a kasuwa ta kai ɗakin amarya, watau kyakkyawar magana da sakin fuska tsakanin miji da mata. Wannan sai ma'auratan sun koya da kansu.

BA BAƘUWA BA CE

Wasu suna cewa soyayya baƙuwa ce a ƙasar Hausa, wai Turawa da Indiyawa ne suka kawo ta. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Hausawa sun ce so gamon jini ne tun ba a san silima ba. A littafin Baba ta Karo, wanda Baturiya Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwar ƙasar Zazzau aka buga a 1954, tsohuwar ta ba da labarin tsarance da wasannin dandali na ƙuruciyarta, ta kuma faɗi yadda aka yi mata auren zumunci da wanda ba ta so, ta fita, ta auri wanda ranta ya kwanta da shi. Haka kuma Jiki Magayi, na John Tafida Wusasa da Rupert East, wanda ya fito tun cikin shekarun 1930, labari ne na saurayin da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa, da irin masifar da hakan ta haifar.

Al'adun aure su ma shaida ne. Akwai zance, akwai toshi, akwai kayan na-gani-ina-so, akwai lefe. Har a daren da aka kai amarya, ba ta buɗe baki ta yi wa ango magana sai abokansa sun sayi baki a wurin ƙawayenta. Ma'anar wannan al'ada a fili take: maganar mace abu ne mai daraja, sai an nema, sai an lallasa. Abin mamaki shi ne mutumin da ya biya kuɗi don ya ji muryar amarya, bayan 'yan watanni shi ne ba ya da lokacin sauraronta kyauta.

KUNYA DA TSORON GORI

Abu na farko da ke rufe bakin maigida shi ne kunya. Bahaushe ya tashi ya tarar mahaifiyarsa ba ta faɗin sunan mahaifinsa, sai dai "Malam" ko "Maigida" ko "Alhaji". Bai taɓa ganin iyayensa sun ci abinci a kwano ɗaya ba, uba yana zaure, uwa tana cikin gida. Uwa ma ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta kuma nuna masa so a gaban mutane. Yaron da ya girma a haka ya ga kawaici da alkunya, kuma abubuwa ne masu kyau, sai dai bai ga yadda ake nuna so ba. Ya ɗauka abin da ake ɓoyewa a tsakar gida babu shi ne sam, alhali kuwa iyayen nan suna da tasu hanya a bayan labule.

Abu na biyu shi ne tsoron gori. In aka ga mutum yana komawa gida da wuri, ko ya taya matarsa ɗaukar yaro, sai abokan majalisa su ce ya zama mijin-ta-ce. In ya yawaita yi mata tsaraba, dangi su ce ta shanye shi, ko ta mallake shi. Saboda gudun wannan baki, sau da yawa namiji yakan ɗaure fuska a gidansa don a ce shi jarumi ne, ya je waje yana rabon fara'a ga waɗanda ba su da hakki a kansa.

MAKARANTAR SILIMA DA LITTAFI

Da aka rasa mai koyarwa a gida, sai matasa suka nemi malamai a waje. An buɗe gidan silima na Rex a Kano a 1937, na Palace kuma a cikin birni a 1952, sannan daga shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara kawo finafinan Indiya. Nan da nan suka shiga ran jama'a, domin labaransu sun yi kama da na gida: auren dole, da talakan da ke son 'yar mai kuɗi, da biyayya ga iyaye. Wani masani, Brian Larkin, ya yi rubutu a kan wannan a 1997. A lokacin silima wurin maza ne, macen da ta shiga ana yi mata kallon marar kamun kai. Sai da talabijin da bidiyo suka shiga gidaje sannan matan aure suka samu rabonsu.

Bayan fim sai littafi. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino kuma ya fito da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Daga nan littattafan soyayya suka cika kasuwannin Kano, 'yan mata suna karɓar haya, ana karanta su a gidajen rediyo. Samari suka riƙa kwafo kalmomi daga ciki suna zubawa a wasiƙa. Fim ɗin Hausa ya biyo baya, tun daga Turmin Danya a 1990. Da wayar salula ta zo a 2001, wasiƙa ta koma saƙon waya da hirar dare, yau kuma ga WhatsApp da Facebook.

Malamai da iyaye sun yi ta suka, har a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona wasu littattafai a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Amma babban aibin wannan makaranta ba a nan yake ba. Galibin finafinan nan suna ƙarewa ne a ranar biki. Ba sa nuna ranar da kuɗin cefane ya gaza, ko daren da jariri ya hana barci, ko ranar da uwar miji ta zo kwana. Budurwa takan shiga ɗaki da tsammanin mijinta zai zama kamar jarumin fim, shi kuwa ya shiga da tunanin cewa an gama wahala, tunda an kawo ta. Nan ne ake fara saɓani.

AN KOYA WA AMARYA, AN MANTA DA ANGO

In biki ya matso, amarya takan sha gyara na makonni. Ga lalle, ga dilka, ga turaren wuta da humra irin na Barno. Gwaggo da inna da yayye su zaunar da ita su koya mata girki da kwalliya da iya magana, a ƙarshe a rufe da nasihar yi-na-yi bari-na-bari. Ango fa? Shi abin da ake tambayarsa kawai shi ne ko ya haɗa lefe, ko ya kama gida. Babu kawun da zai zaunar da shi ya ce, "Ɗana, ga yadda ake magana da mace, ga yadda ake ba ta haƙuri." Ana ɗora wa mace nauyin riƙe aure ita kaɗai, alhali hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin jini kafin aure. Wannan ci gaba ne. Da za a haɗa da 'yar bita ta kwana biyu ga anguna a masallatan unguwa, da an rage wa alƙalai aiki. Malaman ba za su rasa abin koyarwa ba. Aya ta 21 a Suratur Rum ta ambaci so da jinƙai a matsayin abin da Allah ya sanya tsakanin ma'aurata. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, yana taya iyalinsa aikin gida, kuma da Amru ɗan Asi ya tambaye shi wanda ya fi so a cikin mutane, sai ya ambaci sunan matarsa a fili. Wanda ya san wannan ba zai ji tsoron gorin majalisa ba.

ABIN DA ZA A KOYA

A wajen neman aure, darasi na farko shi ne gaskiya. Saurayin da ya ari mota da babbar riga ya je zance, ya ci bashin da zai biya bayan aure, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na biyu shi ne sauraro. Da yawa samari sukan cika zaure da surutu, su tashi ba su san abin da yarinya take so ko take tsoro ba, ko tana son ci gaba da karatu, ko tana da sana'ar da take buri. Ita ma budurwa ta daina auna so da nauyin toshi. Wanda ya iya kashe kuɗi ba lalle ne ya iya zama da mutum ba.

A cikin gida kuwa, abin ba ya bukatar dukiya. Mutum ya daina kiran matarsa "ke", ya kira ta da sunanta ko wani suna mai daɗi da su biyu suka sani. In ta yi girki ya ce an gode, in ta yi kitso ko lalle ya nuna ya gani, domin yaba kyauta tukuici. In zai dawo ya riƙo 'yar tsaraba, ko tsire ne, ko rake, ko ƙosai, ba don yunwa ba, don ta san ta faɗo masa a rai yana waje. Ya rage wa majalisa sa'a guda ya ba hirar gida, irin hirar da ya saba yi a zaure. In ya yi kuskure ya ce ta yi haƙuri, girmansa ba zai ragu ba. In kuma zai yi faɗa, ya bari sai sun kaɗaita, kada ya yi a gaban yara ko dangi.

Ita ma uwargida da nata aikin. Kada mutum ya shigo a gajiye a tare shi a bakin ƙofa da lissafin abin da ya ƙare. A bari ya sha ruwa tukuna, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Kwalliyar da ake yi don zuwa gidan biki, maigida ya fi kowa cancantar ganinta. Kuma ta daina gwada shi da mijin maƙwabciya ko da na cikin fim.

Mai mata fiye da ɗaya nauyinsa ya fi yawa. Rabon kwana da na cefane kowa ya san su, amma fara'a da hira da tsaraba su ma ana raba su. Uwargidan da ta ga ana yi wa amarya dariyar da ita ta shekara goma ba ta gani ba, kayan faɗar kishiya ba za su share mata hawaye ba.

MAZAUNA KURMI

Akwai kuma dubban 'yan Arewa da ke neman abinci a Agege da Idi-Araba da Obalende a Ikko, da Sabon Badun, da Shagamu, da sauran garuruwan Kudu, waɗanda suka baro iyali a gida sai Salla zuwa Salla. A da sai a ba direban babbar mota saƙo, ko a nemi mai rubuta wasiƙa. Yanzu waya tana aljihun kowa, uzuri ya ƙare. Amma sau da yawa kiran ba ya wuce, "Kun ga saƙo? Yara lafiya? To, sai an jima." Mace ba ma'ajin kuɗi ba ce. Minti biyar na tambayar lafiyarta ita kanta, da yadda ta wuni, da gaya mata cewa ana kewarta, suna riƙe auren nesa fiye da yadda ake zato.

Ba a ce Bahaushe ya yar da kunyarsa ya riƙa riƙe hannun mata a titi ba. Kunya ado ce, wurinta kuma gaban surukai ne da bainar jama'a. Abin da ake cewa shi ne kada ta bi mutum har cikin ɗakinsa ta ɗaure masa harshe. Wanda ya iya tsayuwar sa'a biyu a ƙofar gidan surukai cikin sanyin hunturu, ba zai kasa zaman rabin sa'a da matarsa a tsakar gidansa ba. Iyaye maza kuma su tuna 'ya'yansu suna kallo, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya ji ubansa yana yi wa uwarsa sannu da aiki, shi ma zai yi wa tasa matar.

Allah ya ba ma'aurata zaman lafiya, ya sa a dace, amin.