Rumbun intanet: wanne ya dace da ma'aikacin Kance?

Ruwan damanar 2024, wanda ya rushe tsohon masallacin Damagaram, ya nuna cewa gini ba ya tsare dukiya kullum. Malamai da ma'aikatan Kance da Matamaye masu ajiye jerin sunayen ɗalibai da takardun gona cikin kwamfuta, ya kamata su tanadi rumbu na biyu a intanet.

Google Drive yana ba da giga 15 kyauta, OneDrive giga 5, Dropbox giga 2. Amma girman rumbu ba shi ne abin dubawa na farko ba. Tun da intanet tana da rauni a karkara, a fara aika takarda guda, sa'an nan a gwada maido ta. A karanta sharuɗɗa kuma: tun 2023 Google yana iya share asusun da ya shekara biyu ba a buɗe ba.

Rumbun ma yana ƙonewa. A watan Maris 2021 gobara ta cinye ma'ajiyar kamfanin OVH a Strasbur ta Faransa, waɗansu suka rasa kome. Saboda haka, jama'a, a ƙara da kwafi cikin kile, a ajiye shi a wani gida dabam.