Rage kuɗin wuta a matakalar bene ba tare da barin ta cikin duhu ba

Iyalai da dama da suka samu matsuguni a benayen unguwar Arras, a Treichville, suna haɗa kuɗi da maƙwabta don biyan wutar matakala da baranda. Tun da aka ƙara farashin lantarki da kashi 10 cikin ɗari a Janairun 2024, wasu gidaje sun koma cire fitilun gaba ɗaya. Muna roƙon ku da ku daina. Matakala mai duhu tana kayar da tsofaffi, yara da masu juna biyu, tana kuma ba ɓata-gari wurin laɓewa. Akwai hanyoyin rage kuɗi alhali hasken yana nan.

Nawa fitila ɗaya ke ci?

Doguwar fitilar neyon mai tsawon santimita 120 tana cin wat 36. A cikin mariƙinta akwai ɗan akwati da masu gyara ke kira balas, kuma tsohon samfurinsa yakan kai jimillar kusan wat 45. Idan ta kwana a kunne awa 12 kullum, za ta ci kimanin kilowat-awa 16 a wata. Idan an bar ta dare da rana, 32 ke nan. Bene mai fitilu shida da ba a kashewa zai ci kusan 190 a wata, galibi a lokacin da babu kowa a matakalar.

Me ya sa ba a rage haskenta kai tsaye?

Makunnin juyawa da ke rage hasken tsohon ƙwan fitila ba ya aiki da neyon. In aka haɗa su, fitilar za ta riƙa ƙyaftawa da ƙara, ta mutu da wuri, wani lokaci ma makunnin ya yi zafi. Sai an sa balas na zamani da aka ƙera musamman don rage haske, tare da na'urar da ke jin motsi. Idan babu kowa, fitilar tana ba da ɗan haske kaɗan. Da mutum ya shigo sai ta haskaka sosai. Wannan ya fi kunnawa da kashewa a kai a kai, domin yawan kunnawa yana rage kwanan neyon.

Abin da za ku iya yi

Ku naɗa mutum ɗaya a kowane hawa ya riƙa kashe fitila da gari ya waye. Ku goge ƙurar fitilu bayan kun kashe wuta, domin ƙura tana cinye haske. Idan neyon ta mutu, ku sayi doguwar LED mai wat 18: haskenta kusan ɗaya ne, cinta bai kai rabi ba, kuma yawan kunnawa ba ya cutar da ita. Ita ce ta dace da makunnin nan mai kashe kansa bayan 'yan mintuna, wanda a nan ake kira minuteri. Amma fitilar ƙofar shiga da ta kwanar matakala a bar su a kunne har asuba.

Gargaɗi

Kada ku taɓa waya da kanku. Ku nemi izinin mai gidan haya, ku kira ƙwararren mai gyaran wuta. Neyon tana ɗauke da gubar makuri: in ta fashe, ku fitar da yara, ku bar iska ta shiga, ku kwashe gilashin da kwali, ba da hannu ba.

Idan waya tana tartsatsi, ku kira kamfanin wuta CIE a 179. In gobara ce, 'yan kwana-kwana a 180. Wanda matakalar gidansu ba ta da haske ko kaɗan ya sanar da ma'aikacinmu na unguwa, za mu taimaka wajen yi wa mai gidan magana.