Amfanin Toshi Wajen Ɗura Bindigar Farauta

Maharban Nguru da Gashuwa, masu farauta a fadamun Kogin Yobe, sun daɗe da sanin bindigar toka wadda ake ɗurawa ta baki. Ana jawo hankalinsu ga muhimmancin toshi, wato ɗan tsumma ko ulu da ake sakawa tsakanin albarushi da harsashi.

Aikin toshi iri uku ne. Yana tare ƙarfin albarushi kada ya zurare ta gefen harsashi. Yana kare gindin dalma daga wuta. In kuwa an shafa masa kitse, yana tausasa dauɗar da ke maƙalewa cikin bututu.

Harsashi mai tsini wanda gindinsa ke a shafe yakan amfana da toshi. Amma mai rami a gindi, irin wanda Minie, wani hafsan Faransa, ya ƙago a tsakiyar ƙarni na 19, ba ya bukatarsa, gama gindin yakan buɗe ya cika bututun da kansa. Bindigar maƙeran gida kuwa cikinta sumul yake, babu zanen da zai juya harsashi mai tsini, saboda haka dunƙulalle ya fi dacewa da ita.

Wajibi ne maharbi ya danna toshi da harsashi har su zauna kan albarushi. Idan aka bar sarari tsakaninsu, bututu yana iya fashewa, mutum ya rasa yatsu ko ido. Busasshen tsumma kuma yakan faɗi da wuta ya haddasa gobarar daji lokacin hunturu.

Rigakafi ya fi magani.