Sai An Biya A Buga: Sana'ar Riguna Da Littattafai Ba Tare Da Tara Haja Ba

Duk wanda ya taɓa zuwa neman a buga masa rigunan biki, ko na ƙungiyar ƙwallo, ko na ɗaliban da suka gama jarrabawa, ya san tambayar da mai shago ke fara yi: "Guda nawa?" Idan aka ce uku sai ya yatsine fuska, idan aka ce ɗari sai ya jawo kujera. Dalilin yana cikin aikin kansa. A tsohuwar hanyar buga riga, wadda ake kira serigirafi a Nijar, kowane launi sai an haɗa masa nasa firam mai ɗaure da siririyar raga, a fitar da zanen a jikinta, sannan a riƙa goga tawada ta ratsa ragar ta sauka kan riga. Wahalar haɗa firam ɗin ɗaya ce, ko riga guda za a buga ko ɗari biyar. Shi ya sa riga ɗaya take tsada, ɗari kuwa su faɗi warwas.

Wannan lissafi ya daɗe yana cin ƙananan 'yan kasuwa. Matashin da ya yi zane mai kyau sai ya sayi riguna jibgi, ya yi canki-canki a kan girman da za a fi nema, ya biya kuɗin bugawa, sannan ya shiga neman mai saye. In kasuwa ta ƙi, jari ya kwanta a cikin buhu a ƙarƙashin gado. Marubutan adabin kasuwar Kano sun sha irin wannan tun daga shekarun 1980: marubuci ko marubuciya ta tara kuɗi ta buga dubban kwafi, ta rarraba wa masu shagunan littattafai bashi, ta zauna jiran a sayar kafin ta ga ko sisi. Wasu littattafan sun yi kasuwa ƙwarai, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Da yawa kuma ƙura da gara suka gama da su.

Sana'ar buga kaya bisa buƙata ta juya wannan tsari baya. Mai sana'ar yana yin zane ne kawai, ya ɗora hotonsa a intanet a jikin riga ko kofi ko jaka ko bangon littafi. Babu abin da ake bugawa sai mai saye ya zaɓa ya biya. A lokacin ne wani kamfani ko shago mai na'ura zai buga guda ɗayan, ya naɗe, ya aika. Haka tela yake yi, ba ya sa almakashi sai an kawo yadi an ajiye kafin alƙalami.

Na'urori ne suka sa hakan ya yiwu. A tsakiyar shekarun 2000 aka fara sayar da injunan da ke fesa tawada kai tsaye a jikin rigar auduga, yadda firinta ke yi wa takarda, ba tare da an haɗa firam ba. Akwai kuma hanyar da ake buga zane a takarda ta musamman a danne da zafin da ya kai maki 180 zuwa 200, tawadar ta zama tururi ta shige cikin zaren. Wannan tana kama yadin roba mai haske da kofunan da aka shafa wa sinadari, amma ba ta kama auduga ko baƙar riga. Wadda ta fi bazuwa tun wajen shekarar 2020 ita ce DTF. Ana buga zanen a kan wata siririyar leda, a barbaɗa masa garin gam tun tawadar tana ɗanye, a gasa, sannan a kife ledar a kan riga a danne da injin zafi kamar daƙiƙa goma sha biyar. Idan aka ɓare ledar, zanen ya zauna. Tana kama auduga da roba, fari da baƙi, kuma ana iya buga ledar a wani gari a kai ta wani gari a manna.

Manyan kamfanonin wannan harka sun kasu gida biyu. Akwai masu kasuwa tasu, inda mai zane ke ɗora aikinsa su kuma su kawo masu saye. CafePress ya fara a Amurka a 1999, Redbubble a birnin Melbourne na Ostareliya a 2006, Amazon ya buɗe nasa sashen riguna a 2015. Akwai kuma waɗanda bugawa da aikawa kaɗai ne aikinsu, neman ciniki yana wuyan mai shago, irin su Printful na 2013 da Printify na 2015, dukansu masu asali daga Latbiya, waɗanda suka sanar da haɗewarsu a ƙarshen 2024. A ɓangaren littattafai akwai Lulu tun 2002, da Kindle Direct Publishing na Amazon tun 2007.

Masu tallar sana'ar a YouTube da TikTok sukan ce ba ta buƙatar jari. Gaskiya ne ba a sayen haja, amma ribar siririya ce. A Redbubble, rabon da aka daɗe ana fara sa wa mai zane kashi 20 cikin ɗari ne a kan farashin tushe, kuma tun 2023 kamfanin yana cire wani kuɗin asusu daga ribar ƙananan masu zane. A Amazon, marubucin littafin takarda yana samun kashi 60 cikin ɗari na farashi, sannan a cire kuɗin bugawa daga ciki. Tun watan Yunin 2025 rabon ya koma kashi 50 ga littafin da bai kai dalar Amurka 9.99 ba. Kuɗin kuma sai kimanin kwana 60 bayan ƙarshen watan da aka yi cinikin suke fitowa. Ga haraji: Amurka tana riƙe kashi 30 cikin ɗari na irin wannan kuɗi daga mutanen ƙasashen da ba su da yarjejeniyar haraji da ita, kuma Nijar da Najeriya duk ba su da ita.

Ga ɗan Tirmini, garin da ke kusa da Zinder a Nijar, akwai ƙarin shinge biyu. Na farko karɓar kuɗi. Waɗannan kamfanoni suna biya ne ta PayPal ko Payoneer ko asusun bankin wasu ƙasashe, ba ta Airtel Money ko Nita ba, kuma kasuwa irin Etsy ba ta yarda a buɗe sabon shago sai daga ƙasashen da ke cikin jerinta, Nijar kuwa ba ta ciki. Saboda haka kafin a ɓata dare ana zane, hanyar da kuɗi za su iso hannu ce abin fara tantancewa. Na biyu nisa. Masana'antun Printful suna Amurka, Meziko, Kanada, Latbiya, Sifaniya da Birtaniya, babu ko ɗaya a Afirka ta Yamma. Rigar da aka buga a birnin Riga ko Barsalona aka aiko Damagaram, wato Zinder, kuɗin aikawa da na kwastan kan iya zarce kuɗin rigar. Wannan hanya ta fi dacewa da masu saye da ke can: Hausawan Faransa, Beljiyam, Ingila da Amurka, waɗanda ke marmarin riga mai sunan garinsu kuma suna da katin biya.

Abin da ya fi kusa da hannu shi ne a ɗauki tsarin a dasa shi a gida. Tirmini tana kan babbar hanya mai lamba 1 da ta haɗa Zinder da Maradi da Yamai, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga birnin Damagaram, kuma motocin da ke bi ta Takeita da Matamaye zuwa Kano suna ratsa ta. Shagon mai sana'ar shi ne wayarsa: status na WhatsApp, shafin Facebook, TikTok. Masana'antarsa ita ce mai injin zafi a Zinder da suka yi yarjejeniya, ko mai buga ledar DTF a Kano, inda Kantin Kwari ke ba da riguna marasa rubutu a farashin sari. Bankinsa Airtel Money ne, ko Moov, ko Zamani, ko gidajen aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza. Gidan wayarsa kuwa direban tasha ne, ko motocin Rimbo da takwarorinsu masu ɗaukar saƙo zuwa Agadas da Difa da Yamai.

A ce, a matsayin misali kawai, riga maras rubutu ta zo a jika biyu, bugawa jika ɗaya da rabi, saƙo da leda dala ɗari, wato faran 500. An kashe jika huɗu ke nan. In aka sayar jika biyar da rabi, jika ɗaya da rabi ta rage, kuma daga ciki za a fitar da kuɗin data da cajin waya. Riga ɗaya da ta dawo saboda kuskuren suna ko girma za ta cinye ribar riguna uku. Don haka masu wannan aiki ke tura wa mai saye hoton zanen ya rubuta "na yarda" kafin a buga, kuma suke karɓar aƙalla rabin kuɗi tun farko.

Tunda kowa na iya samun inji da riga, abin da ke raba mai ciniki da maras ciniki shi ne sanin abin da mutanensa za su so su sa a ƙirji. A nan ɗan gida ya fi baƙo. Mai zane a wata nahiya bai san cewa a Tirmini ne dakarun Sarkin Damagaram Ahmadu Kuren Daga suka tari rundunar Faransa a ƙarshen Yulin 1899 ba, ko cewa Zinder ce hedikwatar Nijar har zuwa 1926, ko sunan Sarki Tanimun da ya kewaye Birni da ganuwa. Bai san yadda jama'a ke tashi tsaye lokacin kokawar takobi, gasar da jihohin Nijar ke fafatawa tun 1975, ba. Zanen gine-ginen Birni da Zango, ƙofar fadar Sarki, sunayen unguwanni, taken ɗaliban Jami'ar André Salifou, rigar 'yan ajin da suka ci jarrabawar Bak ko Befese, rigar amarya da ango mai sunan kowane aboki a baya: duk kasuwa ce ƙarama da babu babban kamfanin da zai waiwaye ta.

Rubutun Hausa kuma yana da tarkonsa. Yawancin salon haruffan da ke cikin manhajoji irin su Canva ba su da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Mutum zai rubuta "ƙasata" a waya ya ga daidai, ya tura fayil ɗin ga mai bugawa, kwamfutarsa ta sa ɗan akwati a gurbin ƙ ko ta musanya shi da wani harafi mai siffa daban, a buga riga ashirin a haka. Maganinsa a mayar da zanen hoto nau'in PNG maras bango kafin a tura, kuma ya zama babba. Amazon ya daɗe yana ba da ma'aunin ɗigo 4500 a 5400 ga zanen riga. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto yana raguwa ya dusashe, sai a tura shi a matsayin fayil. Rubutun ajami yana ƙayatar da riga, amma malamai suna jan kunne a kan sa ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a tufar da za a shiga da ita bayan gida ko a jefa cikin kayan wanki.

Akwai kuma haƙƙin mallaka. Tambarin Real Madrid ko Barcelona ko Nike, da hoton ɗan wasan Kannywood ko mawaƙi, duk suna da masu su. A kasuwar Dole ta Zinder ana iya ganin irin waɗannan riguna a rataye, amma a Redbubble ko Amazon ƙorafi ɗaya kan sa a cire zanen, maimaitawa kuma ta sa a rufe asusun. Dokar tana kare ɗan gida shi ma. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, inda ake rajistar tambarin kasuwanci, sannan akwai hukumar BNDA a Yamai mai kula da haƙƙin marubuta da masu fasaha.

Marubuta ne wataƙila suka fi kowa buƙatar wannan tsari. Da yawan marubutan Hausa sun koma sayar da labari ta WhatsApp da Wattpad da manhajojin karatu, kuma rufe OkadaBooks a ƙarshen Nuwambar 2023, bayan shekara goma yana aiki, ya nuna musu cewa littafin da ke zaune a manhajar wani kaɗai yana iya ɓacewa daga kasuwa rana ɗaya. Da injin buga takardu na zamani, malamin makaranta da ya rubuta tarihin garinsu, ko marubuciyar da ke da masu karatu ɗari biyu a rukuninta, za su iya karɓar kuɗin kwafi talatin, a buga talatin, in an sake nema a ƙara.

Wuta ita ce sauran abin lura. Injin zafi yana cin lantarki sosai, kuma yankin Zinder da Maradi ya daɗe yana dogara da layin da ke zuwa daga Katsina. Da Najeriya ta yanke wutar a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, aka kuma rufe iyaka, hanyar Kano ta toshe har zuwa watan Maris na 2024, bayan ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairu. Wanda zai shiga sana'ar yana buƙatar mai bugawa fiye da ɗaya, ɗaya a Zinder ɗaya a tsallaken iyaka, kuma kafin ya yi wa kowa talla ya buga samfur guda daga kowannensu, ya wanke shi sau da yawa da omo, ya shanya a ranar Damagaram, ya ga wanda zanensa ya tsage da wanda ya riƙe.